Yadda Na Taɓa Giyar Bayan Motar Baba, Da Abin Da Ya Biyo Baya

Yau labarin wata wauta da na tafka a shekarar 2023 zan ba ku. Na daɗe ina jin kunyar faɗinsa, to amma a 'yan kwanakin nan samari biyu sun tare ni a kasuwa suna tambayata yadda ake sa mota ta riƙa fizga, sai na ga gara in faɗi abin da na sani gaba ɗaya, mai daɗin da marar daɗin, in ya so kowa ya yi wa kansa hukunci.

Mahaifina albasa yake sayarwa a Mile 12. Tirela takan sauke mana kaya daga Aliero da sauran garuruwan arewa, mu kuma mu rarraba wa masu saye a Oyingbo da Mushin da Ikorodu, wani lokaci har Ajah. Abin da muke rabon da shi wata tsohuwar a-kori-kura ce, Toyota Hilux fara mai gida ɗaya, 'yar Kwatano, injin fetur 2.7, giya biyar ta hannu, tayoyin baya kaɗai ke ja. Tun ina firamare Baba ya saye ta. Da ita aka biya mini kuɗin makaranta har na gama sakandare, da ita aka aurar da yayyena mata biyu. Da na iya tuƙi sai aka miƙa mini makulli, na zama ni ne direba.

To ka san saurayi da mota. Ina da abokai Yarbawa da Ibo waɗanda muka yi makaranta tare, wasunsu suna jan ƙananan motoci masu lafiya, in mun haɗu sai su riƙa yi mini tsiya wai motar albasa ta iso. In aka tsaya a danja aka ba da hannu, kafin in saki kuloci sun ɓace. Abin yana cina a rai ba kaɗan ba. Da dare kuma sai in kwanta ina kallon bidiyon 'yan Amurka a YouTube, masu manyan a-kori-kura irin su Ford F-150, suna bayanin yadda suka cire giyar baya mai lamba 3.08 suka sa 3.73 ko 4.10, motar ta koma tana zabura kamar an tsikare ta. Na kalla, na sake kalla, har na haddace. Abin da ban tsaya na lura da shi ba shi ne, su injinsu mai silinda takwas ne, motar kuma ta shaƙatawa ce, ba ita ke ciyar da gidansu ba.

Ana cikin azumin shekarar, Baba ya tafi gida Kano don yin salla, ya ce zai jima saboda akwai bikin ɗan ƙaninsa bayan salla. Ya bar mini mota da littafin bashi da kuɗin ciniki. Wallahi tun a tasha da nake ɗaga masa hannu na riga na gama shirya abin da zan yi.

Akwai wani dattijon makanike Bayarbe da yake duba mana motar tun ina yaro. Ya yi shekaru a Sabon Garin Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Oga muke ce masa. Da na je masa da maganar, bai yi mini dariya ba, sai ya ce in sunkuya ƙarƙashin motar. Ya nuna mini tulun ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, wanda makanikai ke kira difirensha. Ya ce sandar farfela tana ɗauko juyi daga giyabos ta kawo nan. A bakinta akwai ƙaramin ƙarfe mai haƙora, finiyan, shi ke juya babban faifai mai haƙora, kiranwil, shi kuma faifan ya juya tayoyi. Ya ce tamu haƙoran faifan 41 ne, na finiyan 10. In ka raba 41 da 10 ka sami 4.10, ma'ana sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta zagaya sau ɗaya.

Na ce to ni mai 4.88 nake so, wato haƙora 39 da 8.

Ya dube ni ya ce, "Ɗan Alhaji, ka taɓa hawa keke mai giya?" Na ce sosai. Ya ce, "In ka sa sarƙa a babban faifan baya, hawan tudu yana yi maka sauƙi, ko ba haka ba? To a miƙaƙƙiyar hanya fa?" Na ce ƙafa ce za ta yi ta wulwulawa keken bai tafiya. Ya ce, "To shi ke nan ka gama karatun. Injinka ba zai ƙaru da komai ba. Abin da ka samu wajen tashi, za ka biya shi a kan doguwar hanya." Sannan ya tambaye ni ko Alhaji ya sani. Na ce ya sani. Allah ya yafe mini, wannan ita ce ƙarya ta farko.

Washegari na shiga kasuwar Ladipo a Mushin, inda duk wanda ke neman kayan mota na hannu a Ikko yake zuwa. Wani abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne, a irin wannan Hilux ɗin kan difirenshar gaba ɗayansa ake kwancewa. In an zare shaf ɗin tayoyin biyu aka kwance farfela da notocin da ke zagaye, sai a ciro shi ɗungurungum a mayar da wani. Na sami mai 39 da 8, na ƙirga haƙoran da yatsana har sau biyu. Kuɗina na adashi bai kai ba, sai na ba da namu na asali a matsayin musaya, na cika da kuɗin cinikin Baba kimanin na buhu uku, da niyyar zan mayar kafin ya dawo.

Oga ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya canza boris, ya shafa wani jan fenti a haƙoran faifan ya juya, ya duba inda finiyan ke taɓawa, ya daidaita ratar da ke tsakaninsu har sai da tabon ya zauna a tsakiyar haƙori. Ya ce in aka yi kuskure a nan, motar za ta riƙa kuka kamar jiniya, haƙoran kuma su cinye juna cikin 'yan watanni. Ya ce kuma kada in yarda wani ya haɗa mini faifan wata mota da finiyan wata, domin tun daga kamfani tare ake goge su, miji da mata ne. Ya zuba sabon man giya mai kauri, ya ce in bi ta a hankali kwanakin farko.

Jama'a, ranar da na fito da ita kan titin Ikorodu, sai na ji kamar an canza mini mota. Ina taɓa totur sai ta zabura. In babu kaya, da giya ta biyu nake tashi. Har da kaya ma, tudun da a da sai na yi ta lallaɓa kuloci har ya fara wari, yanzu sai ta haye abinta. A danja na fara barin 'yan danfo a baya. Maleji kuma sai ya riƙa nuna mini 120 cikin ɗan lokaci, ina ta murna. Sai daga baya na gane cewa malejin daga giyabos yake ɗaukar lissafi, bai san an canza komai a baya ba. In ya nuna 100, gaskiyar gudun bai wuce 84 ba. Ashe rabin murnar da nake yi, agogo ne ke yi mini ƙarya.

A kan gadar Third Mainland na fara ganin ɗaya gefen. Gadar ta kusa kilomita 12, in hanya ta buɗe da asuba mutum yakan saki mota. A da, a giya ta biyar, in ina gudun 100 na gaskiya injin yana juyi kusan 2,800 a minti. Yanzu sai ya haura 3,300, yana ihu kamar yana neman giya ta shida, alhali babu. Ka lissafa da kanka, 4.88 ta fi 4.10 da kusan kashi 19 cikin ɗari, kuma duk wannan ƙarin juyin mai yake sha. Tankin da ke kai mu kwana biyar ya koma kwana huɗu. Na ce ba komai, ai mai da araha.

Da a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. To amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Na lura in na taka ta da ƙarfi, musamman inda akwai yashi ko ruwa, taya ɗaya ce ke wulwulawa a banza ɗayar tana tsaye. Na koma wurin Oga. Ya ce ai haka aka yi ta. A cikin difirensha akwai wasu ƙananan haƙora da ke ba kowace taya damar yin gudunta daban, domin in mota za ta sha kwana, tayar waje tafiyarta ta fi ta ciki tsawo, dole ta fi ta sauri. Illar abin ita ce, in taya ɗaya ta rasa riƙo, juyin can yake tafiya. Ya ce akwai irin da ake kira LSD, mai faifan kuloci a ciki, wadda ke rage wannan zamewar amma ta bar mota ta sha kwana lafiya, sai dai tana da tsada kuma manta daban ne. Na ce na ga a bidiyo ana yi wa ƙananan haƙoran walda a haɗe su wuri ɗaya. Nan take fuskarsa ta canza. Ya ce, "Wannan na masu wasan mota ne a fili. Ni ba zan yi wa motar Alhaji haka ba, ko nawa za ka ba ni."

Sai na tafi wani wurin da ba a san ni ba, aka kwance, aka yi waldar cikin yini ɗaya da 'yan kuɗi kaɗan.

Tun daga ranar motar ta daina son kwana. In zan juya a cikin kasuwa, tayar ciki sai ta riƙa ja da ƙasa tana ƙara, ƙiiƙ ƙiiƙ, 'yan dako suna waiwaye. In da kaya, sai in murza sitiyari ita kuma tana neman miƙewa. Tayoyin baya suka fara cinyewa ina gani. Amma da yake in na taka ta tayoyin biyu suna barin baƙin layi a kwalta, abokaina suna tafi, sai na toshe kunnena.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya hau mulki ya ce tallafin mai ya ƙare. Cikin kwana biyu litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 a Ikko. Kuɗin buhu ukun da nake cewa zan mayar, sai ga shi kullum ramin ƙara zurfi yake. Na fara rubuta kuɗin mai a littafi ƙasa da abin da na kashe, ina cikawa daga aljihuna, aljihun kuma babu komai.

Baba ya dawo a farkon watan Yuni. Kwana uku da dawowarsa, muka kai kaya Oyingbo da asuba ni da ƙanena, yaro ɗan shekara 14. Mun sauke muna dawowa, bayan motar fayau babu nauyi, ga ruwan sama irin na Ikko tun dare. A wata kwana da ke saukowa daga gada wajen Ojota, na ɗan ƙara totur kamar yadda na saba. Ban yi wani gudu ba, Allah shi ne shaida. Sai kawai na ji bayan motar ya tafi. A mota mai lafiyayyar difirensha, taya ɗaya ce takan zame, ɗayar ta riƙe hanya. Tawa da na haɗe su, tare suka saki. Motar ta juya, muna kallon inda muka fito, ta tafi a gicciye ta daki dakalin gefen titi. Ƙanena ya buga kai da gilashin ƙofa.

A kan dakalin akwai wata mata Bayarba mai sayar da burodi, da goyo a bayanta, tana fake da lema. Bambar baya ta kwashe teburinta, burodi ya watse cikin ruwa. Tsakaninta da ƙarfen motar bai kai taku biyu ba. Har yau in na rufe ido ina ganin ƙafar jaririn nan da ke leƙowa daga zani.

Kafin in fito mutane sun taru. Na ji ana cewa "aboki ne, aboki ne." Wanda ya zauna a kurmi ya san yadda kalmar nan take sauya launi a irin wannan lokaci. Allah ya taimake ni ina jin Yarbanci, na durƙusa a cikin ruwan ina ba ta haƙuri, ita kuma baiwar Allah, da ta duba ta ga ɗanta lafiya, ita ce ma ta riƙa cewa a ƙyale ni. Wani dattijo ya tsaya a tsakani. Na juye duk abin da ke aljihuna na ba ta, na karɓi lambarta, aka taimaka mana muka tura motar gefe, wili ɗaya ya lanƙwashe.

Ni ne ɗan fari a maza, kuma sunan mahaifinsa gare ni, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. Da daren nan bayan isha'i ya aiko a kira "yaron nan." Na same shi a kan tabarma da littafin ciniki a gabansa. Ashe tun ranar da ya dawo ya ji kukan tayar a cikin kasuwa, ya kuma ga lissafin mai bai yi daidai ba, ya yi shiru yana jira in kawo kaina. Na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi wa Oga.

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Kana ina a watan Maris na 2016?" Na ce ina makaranta. Ya ce, "Ni ina cikin kasuwar nan. Rigima a kan ɗan acaɓa ce ta zama faɗan Hausawa da Yarbawa, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, gwamnati ta rufe Mile 12, kayan mutane suka ruɓe. Na Shasha a Badun kuma, a 2021, daga cacar baki tsakanin ɗan dako da mai shago ya fara. Da ka taka matar nan yau, kana tsammani kai kaɗai za a nema? Mai shayi da mai gyaran takalmi da ke kwana a bakin titin nan, waɗanda ba su san ka ba, su za su fara biya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kuɗin albasa na yafe. Ka je ka duba kan ƙaninka."

Washegari da kansa ya raka ni wurin matar, da sabon tebur da kuɗin burodinta na kwana uku. Daga nan muka wuce garejin Oga. Na ba shi haƙuri a gaban yaransa. Da aka buɗe difirenshar, waldar ta riga ta fara tsagewa, ɓarɓashin ƙarfe ya cika man, ya ci haƙoran faifan da na sayo da tsada. Babu abin da za a ɗauka a ciki. Namu na asali kuma na riga na bayar.

A nan ne Baba ya ba ni mamaki. Na ɗauka zai ce a nemo irin na da kawai. Sai ya zauna a kan benci ya yi ta yi wa Oga tambayoyi. Ya ce shi ma ya lura, ranar da ya bi mu Ikorodu da kaya, motar ta fi jan nauyi kuma ba a wahalar da kuloci. Oga ya ce gaskiya ne, motar da aikinta ɗaukar kaya ne a cikin gosulo, ƙarin lamba kaɗan yana yi mata amfani, 4.88 ce ta yi yawa ga mai hawa doguwar gada kullum da ƙananan tayoyi. Suka yi lissafin tafiye-tafiyenmu na mako, nawa ne cikin gari, nawa ne buɗaɗɗiyar hanya, suka tsaya a kan mai haƙora 41 da 9, wato 4.56, da lafiyayyun ƙananan haƙoranta ba walda. Aka sa kuɗin a kaina, ana cirewa daga abin da ake ba ni duk wata. Sai da na yi wata bakwai ina biya.

Da Oga ya ce maleji zai riƙa ƙara kusan kashi 11 cikin ɗari, in ya nuna 100 to 90 ake yi, sai an canza ɗan haƙorin da ke jikin giyabos kafin ya daidaita, Baba ya ce, "A'a, bar masa shi haka. Gara ya riƙa ganin ya fi abin da yake yi." Yaran gareji suka yi ta dariya. Har yau haka malejin yake.

To samarin da kuka tambaye ni, ga abin da zan ce muku. Kafin ka sayi komai, ka san lambar da ke motarka. Ka ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, ka sa giya a furi, ka tare tayoyin gaba da dutse, ka yi alama da alli a jikin farfela, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga juyin farfela. Abin da ka samu shi ne lambarka. In motarka mai ja da taya huɗu ce, duk abin da ka sa a baya dole ka sa irinsa a gaba, in ba haka ba ranar da ka haɗa su za ka yi ɓarna. In ka sa manyan tayoyi motar ta yi nauyin tashi, ƙarin lamba yana dawo mata da ƙarfinta, wannan gyara ne mai dalili. Ka ba wanda ya iya daidaita haƙora, ko da ya fi tsada. Walda kuwa, in dai a kan titin da mutane ke bi za ka hau, ina roƙonka don Allah ka bar ta. Sannan in motar ba taka ba ce, ka tambayi mai ita.

Ƙanena ya warke, sai ɗan tabo a gefen gira, wanda yake nuna mini duk ranar da yake son in ba shi kuɗi. Matar nan kuma tana nan a wurinta, in na bi ta hanyar nakan tsaya in sayi burodi biyu, yaron har ya fara gudu. Motar albasa tana nan tana aiki, abokaina sun ci gaba da wuce ni a danja, ni kuma ina ɗaga musu hannu.

Allah ya tsare mu a kan hanyoyinmu, ya ba mu zaman lafiya da mutanen da muke zaune a cikinsu, ya sa albarka a kasuwa. Ku gaida mutanen gida. Wassalam.